Ci-ranin Disamba a bayan kicin a Lekki

Ranar da ejan, wato dillalin da ke samar wa yara aiki, ya ce albashin Naira 60,000 ne a wata, da abinci sau biyu, ban bari ya rufe baki ba na ce na amince. Kawu, da ya raka ni, ya taka min ƙafa a ƙarƙashin benci, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. Da muka fito titi ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Kai ɗan boko, an ce sittin ka ce to. Ka tambaye shi a ina za ka kwana?"

Ban tambaya ba. A lissafina ai ina da wurin kwana, shagon Kawu na Agege, a Legas.

Hutun ƙarshen zangonmu ne ya faɗo daga tsakiyar Nuwamba zuwa ƙarshen Janairu, kuma kuɗin rajista ya riga ya tashi tun 2023, ba yadda za a yi in sake zuba wa Baba ido. Na bi wata babbar mota da ta ɗauko albasa daga Kano, muka ratso ta Mokwa da gadar Jebba, Ilori, Ogbomosho, Badun, kwana biyu a hanya kafin mu sauka a kasuwar Mile 12. Abin da na faɗa a gida shi ne zan taya Kawu zaman shago. Shagon kuwa bai fi a ce mutum ɗaya ya juya a ciki ba: shayi da burodi da safe, indomi da ƙwai da dare. Kwana uku da zuwana shi da kansa ya ce zamana a nan asarar hutu ce, akwai wani da ke samar wa yara aiki a gidajen abinci na tsibiri, wato ɓangaren su Lekki, idan Disamba ta zo.

Sai daga baya na gane dalilin da ya sa aikin ya samu cikin sauƙi haka. Disamba a Legas wata ne da gari ke cika kuma yake watsewa a lokaci guda. 'Yan Nijeriya mazauna Ingila da Amurka da Kanada suna dawowa hutu da kuɗin waje a aljihu, kullum shagali, har suna da sunan da suka raɗa wa watan, wai Deti Disamba. A daidai lokacin kuma masu yi musu girki da wanke-wanke, 'yan Anambara da Imo da Akwa Ibom da Binuwai, kowa hankalinsa ya koma ƙauye, yana tara kuɗin motar Kirsimeti. Mai gidan abinci yana neman wanda ranar 25 ga wata ba ta da bambanci da sauran ranaku a wurinsa. Wato ni. Ejan ma bai ɓoye ba, tambayarsa ta biyu bayan sunana ita ce, "Ba za ka yi tafiya ba ko?"

Kafin a ba ka soso a hannu akwai takardu. Fom mai shafi biyu, hoton fasfo huɗu, lambar NIN, da mutum biyu da za su tsaya maka, su ma da hotunansu da adireshinsu, idan ka gudu da wani abu su za a kama. Kawu ya sa hannu a ɗaya, wani maƙwabcinsa mai sayar da goro ya sa a ɗayan bayan ya yi min wa'azin minti goma a kan amana. Sai gwajin asibiti na masu taɓa abinci: jini, bayan gida, majina, ana duba taifod da ciwon hanta da tarin fuka. Naira 12,000 aka karɓa, Kawu ya biya ya rubuta a littafin bashinsa, shafi ɗaya da masu cin burodi bashi. Ejan kuma ya ce nasa kason 15,000 ne, ba sai na ba shi yanzu ba, za a cire daga albashin farko. Ya faɗe shi kamar yana yi min alfarma.

Na fara ranar Litinin, 2 ga Disamba 2024. Daga Agege danfo, wato ƙaramar bas ta haya, zuwa Oshodi, daga Oshodi wata motar ta haye gadar Third Mainland, wadda tsawonta ya kusa kilomita 12 a kan ruwa, ta sauke ni a Obalende, sannan wata zuwa Lekki. Ranar farko ina leƙen taga ina kallon gidajen katako na Makoko a tsaye cikin ruwa da masunta a kwale-kwale. Rana ta uku barci nake yi a tsaye. Man fetur ya haura Naira 1,000 lita a lokacin, kwandasta kuma kuɗin safe daban, na yamma daban, idan hadari ya haɗu ya ƙara. Zuwa da dawowa kusan 4,000 nake kashewa. Ran Alhamis da dare na ɗauki biro na ninka 4,000 sau kwana 26, na ga 104,000. Albashi 60,000. Na sake ninkawa ko na yi kuskure. Kawu yana juya indomi bai ko waiwayo ba ya ce, "Yanzu ka gane abin da ya sa na taka ka."

Akwai jirgin ƙasan jan layi da aka fara a Oktoban shekarar, daga Agbado zuwa Oyingbo, yana tsayawa a Agege, amma mu ba ma tashi aiki sai ƙarfe ɗaya ko biyu na dare, babu jirgin da ke jiran mai wanke-wanke a wannan lokacin. Acaba kuwa tun 1 ga Yunin 2022 aka hana shi a Eti-Osa, ƙaramar hukumar da Lekki da Ikoyi da Victoria Island ke ciki. Dare biyu na kwana a sito kan buhunan shinkafa a ɓoye, na uku manaja ta kama ni ta ce ba otal ta buɗe ba.

Mai gadin gidan da ke kallon ƙofar bayanmu ne ya cece ni, wani ɗan Nijar daga yankin Tawa. Da can acaba yake yi, da aka hana ya koma gadi. Ya gan ni ina sallar Isha'i a kan kwali a bayan janareta, ya tsallako ya yi min sallama, ya tambayi garinmu. Ɗakinsa na bakin get katifa ɗaya ce da tabarma, kuma tuni akwai wani yaro mai tura baro da ke kwana a ciki. Ya ce, "Malam, in ba ka raina ba, ga wuri. Sai dai ka shigo bayan maigida ya kashe fitila, ka fita kafin direba ya zo." Haka na yi sati biyar. Ni da na zo Legas wurin Kawu, sau uku kacal na ƙara ganinsa kafin in tafi.

Wurin aikina wani lungu ne a ƙarshen kicin, tsakanin ƙofar baya da injin sanyaya nama. Kwamin wanki uku a jere: na farko ruwan zafi da sabulu, na biyu ɗauraya, na uku ruwa mai bilic. Faranti yana zuwa a tire, ka kankare ragowar a bokiti, ka tsoma, ka goge, ka ɗauraye, ka jiƙa a na uku, ka kife a kanta. Ba a goge shi da tsumma, iska ce ke busar da shi. Wannan shi ne mai sauƙin. Mai wuyar ita ce tukunyar dafa-duka. Mutanen Legas suna son shinkafarsu ta kama a ƙasa, ta yi ƙaurin nan na gidan biki, don haka da gangan kuku yake barinta ta ƙone. Tukunya ce da yaro ɗan shekara biyar zai zauna a ciki, ƙanzon gindinta baƙi ƙirin, kaurin ɗan yatsa. Sau uku ko huɗu a rana take zuwa min. Ka zuba ruwa ka ɗora a wuta ya tafasa, ka bi da cokalin ƙarfe, sannan soson waya, ka sunkuya har kanka ya shige ciki. A gida lokacin ana hura wuta a tsakar gida saboda hunturu, ni kuwa ina tsaye cikin tururi, gumi na bin bayana har cikin takalmin roba. Safar hannu ɗaya aka ba ni, ta yage a kwana na huɗu. Daga nan bilic ya fara aikinsa: fatar yatsu ta yi fari, ta tsage a gaɓoɓi, idan ruwan attarugu ya shiga tsagar sai ka ji har cikin haƙori.

Abin da ya fi ciwon hannu damuna a satin farko shi ne kunya. A gidanmu namiji ba ya taɓa kwanon da ya ci abinci a ciki, turewa yake yi ƙannensa mata su ɗauke. Idan Inna ta kira ta ce, "Ya kasuwa?" sai in matsa nesa da ƙarar kwanuka in ce, "Alhamdu lillahi, Inna, ana ta fama." Ba ƙarya na yi ba, amma ba gaskiya na faɗa ba.

Sai maganar kofunan giya. Gidan yana sayarwa, kofunan kuma ta wurina suke biyowa. Na kasa samun natsuwa, na sami abokin aikina, wani yaro ɗan Akwa Ibom da muke lungun tare, muka yi ciniki: shi ya riƙe kofuna duka, ni in riƙe tukwane duka. Ya dube ni kamar na zautu, ya miƙo hannu da sauri kafin in canza shawara. Ya ci riba, ban musa ba. Amma shi ne kuma yake tsaya min ranar Juma'a in ruga masallaci in dawo cikin awa guda, kuma shi ya fara gaya min wace miya ce a abincin ma'aikata aka sa abin da ba na ci. Ranar 22 ga wata ya tafi gida da jakar Ghana-must-go cike da shinkafa da man girki, ya bar ni da kofunan da tukwanen gaba ɗaya. Wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Cire-ciren albashi ba a yi maka bayaninsu a ranar farko, a bango ake liƙa su kusa da agogo. Makara, 1,000. Waya a hannu lokacin aiki, 2,000. Abin da ka fasa, kuɗinsa. Rigar aiki da hula 5,000, ko da tsohuwa aka ba ka, tawa da sunan wani a rubuce a wuyanta. Daren 24 ga wata wani weita ya shigo da gudu ya dire tire a gefen kwami, rabinsa a iska, ni kuma na juyo da tukunya. Faranti uku na tangaran suka tafi. Manaja ta zo ta tsaya a kan fasassun, ba ta tambayi yadda aka yi ba, ta tambayi a wurin wa suka fashe. A wurina suka fashe. 7,500.

Wani mai gyaran lantarki da ke zuwa duba janareta ya taɓa ce min ai gwamnati ta sa mafi ƙarancin albashi 70,000 tun Yulin 2024, Gwamna Sanwo-Olu ma ya ce ma'aikatan jihar Legas 85,000 za su karɓa. Gaskiya ne. Sai dai dokar ta tsame wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, mu kuma da aka kawo ta hannun ejan ba na jin sunanmu ya taɓa shiga littafin ma'aikatan gidan. A ganina wannan ne amfanin ejan a wurin masu gida, ba wai sun kasa samun yara da kansu ba. Ni dai ban kai ƙara ko'ina ba. Mutumin da ke kwana a ɗakin mai gadi a ɓoye ba shi ne zai ɗaga murya ba.

Wata rana takardar lissafin wani tebur ta biyo tire, ta jiƙe da miya. Na buɗe. Mutum shida, abin da suka ci suka sha ya fi albashina sau bakwai. A ƙasa an jera harajin VAT kashi 7.5, harajin jihar Legas na gidajen abinci kashi 5, sai kuɗin hidima kashi 10. Na tambayi kuku wannan na ƙarshen na waye, ya yi dariya ya ce na ma'aikata ne. Na ce yaushe ake rabawa? Ya ce in ci gaba da wanki.

Canjin da na samu ta hanyar da ban zata ba ya zo. Akwai tukubar tsire a farfajiyar gidan, inda baƙi ke zama a waje, mai kula da ita ya yi rigima da manaja ranar 26 ya cire riga ya tafi. Ta shigo kicin tana waige-waige, idonta ya sauka a kaina. "Aboki! Kai ba Bahaushe ba ne? Fita ka riƙe suya." A tunaninta duk wanda ya fito daga Arewa da tsinken tsire aka haife shi. Ni kuwa gidanmu malamai ne da 'yan koli, ko kaza ban taɓa fiɗewa ba. Amma na tuna tukunyar dafa-duka, na ce, "Na iya, Madam."

Daren nan na ƙona rabi, rabi kuma ɗanye. Da asuba mai gadi ya ja ni zuwa Obalende wurin wani dattijo mahauci, mutumin Sakkwato, da ya shekara talatin yana tsire a unguwar. Ya saurari labarina yana yanka nama, ya yi dariya har ya ajiye wuƙa. Sannan ya ce, "Zauna, yaro." Ya nuna min yadda ake yanka nama falle-falle a kwance, yadda ake saƙa shi a tsinke ya baje kada ya dunƙule. Ya ce ƙuli-ƙuli ne uwar yaji, sai citta, barkono, ɗan masoro da kanumfari, gishiri da magi. A birkiɗa naman a yaji, a yayyafa man gyaɗa, a bar shi ya sha. "Kuskurenku ku yara, wuta kuke ba nama. Ba a ba shi wuta, zafi ake ba shi. Bari gawayi ya yi fari tukuna. In ka ga harshen wuta, janye." Ya ƙulla min yaji a leda, na ciro kuɗi ya harare ni.

Ba zan ce na zama gwani ba, amma zuwa daren sabuwar shekara ba a dawo min da faranti. A bakin tukubar ne kuma na fara ganin kuɗi, saboda a nan baƙo yana ganin fuskarka. Wanda ke bayan kicin ko zai wanke faranti dubu babu mai sanin yana raye. A waje kuwa wani ya miƙo 1,000, wani 2,000, wata ta ɗauke ni bidiyo tana magana da Turancin Landan tana nuna hular da manaja ta sa aka sayo min don in ƙara kama da mai suya. Na juya fuska, tsorona kada ya yawo ya isa wayar wani ɗan ajinmu.

Daren 31 ga wata, wajen sha ɗaya, wani mutum mai furfura ya zo ya tsaya yana kallon hannuna. Sai ya ce, "Sannu da aiki, samari. Daga ina?" Hausa tsantsa, ta Zazzau. Na ɗago da sauri har tsinke ya faɗi. Likita ne a Ingila, ya zo bikin ɗan abokinsa. Ya tambayi karatuna, na faɗa masa. Ya ce shi ma shekararsa ta farko a can kwanuka ya wanke a wani gidan abinci kafin takardunsa su fito, kuma har mahaifiyarsa ta rasu bai gaya mata ba. Ya sayi tsire biyar, ya danƙa min 10,000, ya koma cikin mutanensa. Sha biyu na bugawa sama ta kama da wasan wuta daga Victoria Island har Lekki, ana ihu ana rungumar juna, ni ina fifita gawayi da murfin kwali.

Albashin Disamba bai shigo ba sai 6 ga Janairu. Da gangan ake riƙewa, don kada a biya mutum ya gudu ana tsakiyar ciniki. Da wayata ta yi ƙara na duba: 30,500. An cire na ejan, da riga, da faranti, da makara biyu na satin da nake zuwa daga Agege. Kuɗin hidimar nan na kashi 10 ban taɓa jin ɗuriyarsa ba. Sati biyun Janairu suka kawo 28,000. Kyautar bakin tukuba, da nake ƙullewa a safa ina ba mai gadi ajiya, ta kai 46,000, wato abin da na samu a kwana ashirin na riƙe mafici ya fi na wata guda ina kankare tukunya. Na ba mai gadi 10,000, ya ƙi, na tura a ƙarƙashin buta na fita. Na je Agege, Kawu ya buɗe littafi ya karanto 32,000, gwaji da kuɗin motar satin farko. Ya ƙirga a gabana sau biyu, ya ja layi a kan sunana. Washegari a Mile 12, ina shirin hawa motar da ta sauke tumatir za ta koma Arewa, ya cusa min 10,000 a aljihu ya ce, "Ka sha ruwa a hanya. Kuma ka gaishe da yayata." Abin da na isa gida da shi ya ɗan haura 70,000. Rabin rajista. Baba ya cika sauran.

Manaja ta ce in dawo Disamba mai zuwa, tukuba tawa ce. Na ce sai dai in da wurin kwana, kuma ba ta hannun ejan ba. Ta ce za ta duba.

Na iso Kano da daddare, sanyi na shiga ƙashi. Bayan gaisuwa Inna ta kawo tuwo, na miƙa hannu zan wanke, ta riƙe shi ta juya a hasken fitila. Tsagar bilic ba ta gama warkewa ba, ga tabon gawayi biyu a bayan hannu. Ta daɗe tana kallo. Ta tashi ta shiga ɗaki ta fito da man kaɗe a murfin kwalba, ta ajiye a gabana.

Da na gama ci, ban ankara ba na haɗa kwanon tuwo da na miya, na kankare ragowar a guda, na miƙe na nufi bakin rijiya. Ƙanwata ta saki baki. Inna ta ce, "Ƙyale shi. Shagon kawunku ne ya koya masa."